Kada lambar 525x ta ruɗe ka: gilashin leƙe biyu sun ishe ka kallon sama

Duk wanda ya taɓa sayen waya saboda yawan megafiksel ɗin da aka rubuta a bayanta, ya koma gida ya ɗauki hoto da daddare ya ga fuskar abokinsa kamar an shafa mata koko, ya riga ya san rabin maganar da zan yi yau. Masu sayar da na'urar hangen nesa ma suna da nasu megafiksel ɗin. Ita ce lambar nan da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, 525x ko 675x, kusa da wani kyakkyawan hoton duniyar Satun da zobenta, hoton da ko kusa ba da na'urar da ke cikin kwalin aka ɗauke shi ba.

Ni ma lambar ta kama ni. Kuɗin wani ɗan aikin shafin intanet da na yi ne suka shigo, na ce bari in cika tsohon buri, na yi odar na'ura mai faɗin baki milimita 70 daga wani shagon intanet. A cikin kwalin akwai ƙananan gilasai uku da ake zurawa a ƙarshen na'urar a ɗora ido a kansu. An rubuta H20 a ɗaya, H12.5 a ɗaya, SR4 a na ukun, sai wani dogon bututun roba mai 3x a jiki. Waɗannan ƙananan gilasan su ne za ka ga an rubuta musu eyepiece a shafukan saye da sayarwa. Ni gilashin leƙe nake ce musu, kuma haka zan ci gaba da kiransu a nan. Daren farko na haɗa SR4 da bututun 3x, tunda takardar ciki ta ce ta haka ake kai wa ga 525 ɗin, na nufi wata. Na fi rabin awa ban same shi ba. Da na same shi kuwa, wani farin abu ne dishi-dishi yana ta rawa, kafin in kira ƙanwata ta zo ta gani har ya fice. Na mayar da kayan kwali, na tura ƙarƙashin gado, ina jin haushin kuɗina.

Sai bayan kusan wata uku ta ce, "Yaya, in ba ka so ka ba ni mana." Ita ba ta karanta takarda ba. H20 ta ɗauka don shi ya fi faɗin ramin leƙawa, ta zura, ko minti biyar ba a yi ba ta ƙwala mini kira. Ga wata nan gaba ɗayansa, ramuka da duwatsu ras, har inuwar tsaunukan da ke iyakar haske da duhu ana gani. A ninki 35 kacal.

Tun daga ranar ra'ayina ya tsaya wuri guda. Gilashin leƙen da zai fi yi maka amfani shi ne mai ƙaramin ninki. Mai ƙaramar na'ura gilashi biyu masu kyau da bututun ninkawa guda sun ishe shi. Kuma bai kamata kowa ya tura ko kwabo ba sai ya zauna ya yi wani lissafi da bai kai na ɗan aji shida wuya ba.

Lissafin da mai kwali ba ya so ka yi

Gilashin leƙe ba ya ƙirƙirar komai. Babban gilashin da ke bakin na'urar, ko madubin da ke gindinta idan irin mai madubi ce, shi ke tara haske ya haɗa wani ɗan ƙaramin hoto a cikin bututu. Aikin gilashin leƙe ya ƙara wa wannan hoton girma don idonka ya gani. Ka ɗauke shi kamar yatsu biyun da kake buɗe hoto da su a fuskar waya: suna faɗaɗa abin da ke cikin hoton, abin da kyamara ba ta kama ba kuwa ba su da inda za su samo shi.

Duba jikin na'urarka, za ka ga lambobi biyu, misali D=70mm da F=700mm. Ta farko faɗin baki ce. Ta biyu nisan matattara ce, wato tazarar da ke tsakanin babban gilashi da wurin da hasken yake taruwa. Kowane gilashin leƙe ma yana da tasa lambar. Ka raba nisan matattarar na'ura da lambar gilashin, abin da ya fito shi ne ninkin girman da za ka gani. 700 a raba gida 20 ya ba da 35. A raba gida 12.5 ya ba da 56. A raba gida 4 ya ba da 175, a ninka sau uku da bututun nan ya zama 525. Ka ga lambar kwalin ba ƙarya ba ce a lissafi. Ka kuma lura cewa abin a juye yake, gilashi mai ƙaramar lamba shi ya fi ninki, kuma gilashi ɗaya yana ba da ninki daban-daban a na'urori daban-daban.

Abin da ba a rubuta a kwalin ba shi ne iyaka. Haske idan ya ratsa ta ƙofa yakan ɗan bazu, ta yadda kowane ɗigon tauraro yake zama ɗan faifai a cikin hoton, kuma ƙaramar ƙofa faifanta ya fi girma. Wannan ɗabi'ar haske ce, babu kamfanin da ya isa ya kauce mata. Saboda haka masu kallon taurari suka daɗe da wata ƙa'ida mai sauƙi: ka ninka faɗin baki a milimita sau biyu, nan ne ƙarshen ninki mai amfani. Na'ura mai baki 60 ta tsaya a 120. Tawa mai 70 ta tsaya a 140. Mai 130 a takarda za ta kai 260. Ashe SR4 ɗin nan shi kaɗai, ko ba a haɗa shi da komai ba, ya riga ya wuce ƙarfin na'urar da aka sako shi a kwalinta.

Masu waya sun san wannan rigimar. A 2020 Samsung ta fito da Galaxy S20 Ultra mai megafiksel 108 da zuƙowa har ninki 100. A Maris ɗin 2023 wani ya dusar da hoton wata da gangan a fuskar kwamfuta, ya ja baya ya ɗauke shi da waya daga cikin wannan jerin, sai ga hoton ya fito da zane-zanen da babu su a abin da ya ɗauka. Kamfanin ya yi bayanin cewa manhajar kyamarar tana gane wata, ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙara fito da shi. To, na'urar hangen nesa ba ta da manhajar da za ta rufa mata asiri. Abin da bakinta bai tara ba, idonka ba zai gan shi ba. Kuma tun kafin wani ya tambaya, babu gilashin leƙen da zai nuna maka tutar da 'yan sama jannatin Amurka suka kafa a wata a 1969. Na'urar Hubble ma mai madubi mita 2.4 ba ta iya ganinta.

Wuce iyaka ba dushewar hoto kaɗai yake jawowa ba. Na farko, duhu. Hasken da na'ura ta tara ƙayyadadde ne, idan ka ninka girma sau biyu ka shimfiɗa shi a fili mai girma sau huɗu, hoton ya rage haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Daga ninki 35 zuwa 525 ninki goma sha biyar ne, wato duhu sau 225. Kana iya ganin wannan da idonka: ka nufi na'ura sama da rana, nesa da inda rana take, ka ja baya kaɗan ka dubi gilashin leƙe, za ka ga wani ɗigon haske a tsakiyarsa. Ta cikin wannan ɗigon duk hasken yake shiga idonka, faɗinsa kuma shi ne faɗin baki a raba da ninki. A 35 milimita 2 ne. A 525 bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na milimita ba, tsinin allura ke nan. Da zarar ɗigon ya yi ƙasa da rabin milimita, 'yan zare-zaren da ke yawo a cikin ruwan idonka za ka fara gani suna gilmawa ta kan hoton.

Sannan duniya tana juyawa, digiri ɗaya duk minti huɗu. A ninki 35 wata zai zauna maka 'yan mintuna kafin ya fice. A 525 ko sakan 20 ba za a yi ba abin da ka saita ya ratsa fili ya ɓace, kuma da ka taɓa na'urar don ka bi shi, girgizar hannunka ma sai ta ninku sau 525. Ƙafafun da ake sako wa waɗannan na'urorin kuwa, iskar da ba ta isa ta kaɗa labule ba tana motsa su.

Wanda yake ganin ninki 35 raini ne, ya tuna cewa Galileo a Italiya, a Janairun 1610, da na'urar da ba ta wuce kusan ninki 20 ba ya gano watanni huɗu suna kewaya Jufita, wadda littattafan malamai ke kira Mushtari. Da irin wannan na'urar ya ga Zara tana cika tana raguwa kamar wata. Christiaan Huygens na Holan da na'ura mai kusan ninki 50 ya gano Titan, babban watan Satun, a 1655. Gilashin da ke cikin na'urarka ta araha ya fi nasu kyau nesa ba kusa ba. Ga kuma wani lissafin da nake so: lokacin da Jufita ta fi kusa da mu, a ninki 40 girmanta ya kai yadda ido tsirara yake ganin cikakken wata.

Za a ce ai duniyoyi sai da babban ninki, kuma akwai gaskiya a ciki. A 35 za ka gane Satun tana da zobe, amma don ka ga tazarar da ke tsakanin zoben da jikinta sosai, ko layukan nan biyu masu duhu a jikin Jufita, kana bukatar wajen 80 zuwa 120. Ban ce a guji babban ninki ba. Cewa na yi a hau shi a hankali, a kuma tsaya inda hoto ya daina ƙaruwa da wani sabon abu. Ka fara da ƙarami ka samo abin, ka kawo shi tsakiya, sannan ka canza gilashi. Idan ka canza ka ga ya ƙara girma amma ya rage kaifi, ka koma baya.

Sau da yawa ma iska ce ke yanke hukunci kafin na'ura. Iskar sama tana motsi, zafi da sanyi suna cakuɗuwa, shi ya sa taurari ke ƙyaftawa, kuma a yawancin darare da wuya ta bar ko babbar na'ura ta wuce ninki 200 zuwa 250. A nan mu muna da wata sa'ar da ba mu san muna da ita ba. Zariya da Kano da Sakkwato da Damagaram duk suna tsakanin digiri 11 zuwa 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka wata da duniyoyi suna hawa can ƙololuwar sama, ko a mafi munin shekara sun haura digiri 45. Mai kallo a Landan akwai shekarun da Satun ba ta kai masa digiri 20 sama da doron ƙasa ba, sai ya leƙa ta cikin iska mai kauri. Mu sai dai ciwon wuya. Matsalarmu kwanon rufi da siminti ne, da suke shan rana wuni guda su yi ta fitar da zafi bayan magariba. Ka nufi Jufita ta saman kwano mai zafi, ko wane irin gilashi ka saka za ka gan ta tana tafasa. Ka nemi fili mai ƙasa ko ciyawa, ka fitar da na'urar waje kamar rabin awa kafin ka fara, ka jira abin da kake nema ya hau sama. Hazon hunturu yana cinye abubuwa marasa haske, amma wata da duniyoyi suna ratsa shi in bai yi kauri ba. Daren da ya biyo bayan ruwan sama, in aka yi dace kuma aka ɗauke wuta a unguwa, wannan ba a sayensa da kuɗi.

Me za a saya

Haruffan da ke jikin gilashi sunayen mutane ne. H na Huygens ne, tsarin gilashi biyu na ƙarni na 17, wanda aka yi don dogayen na'urorin wancan zamani. R ko SR na Jesse Ramsden ne na Ingila, daga ƙarni na 18. Dukansu tagarsu matsattsiya ce, kamar kana leƙe ta cikin kara, kuma sukan sa launi a gefen abu mai haske. K na Carl Kellner ne na Jamus, 1849, gilashi uku, MA ma danginsa ne, kuma ba laifi gare su. Sai Plössl, sunan Simon Plössl na Ostiriya, tsarin 1860 mai gilashi huɗu, biyu-biyu a manne. Tagarsa kusan digiri 50 ce, hotonsa yana da kaifi, kuma kamfanoni da yawa suna yin sa har ya yi araha. A ganina mai farawa nan ya kamata kuɗinsa su tsaya. Ka nemi wanda aka rubuta wa FMC, ma'ana an shafe dukkan fuskokin gilasan da sinadarin da ke rage asarar haske.

Kafin ka danna oda ka auna ramin da ake zura gilashin. Girma uku ne a kasuwa: inci 0.965, inci 1.25 wato kusan milimita 32, da inci 2. Kusan duk gilashi mai kyau mai sauƙin kuɗi 1.25 ne. Na'urori masu araha da yawa kuwa 0.965 ne, kamar ka sayi caja mai bakin Type-C wayarka kuma tsohon baki gare ta. Akwai mahaɗin da ke sada su, amma ba a kowace na'ura hoto yake saituwa da shi ba. Ni Allah ya taimake ni tawa 1.25 ce. Da kuɗin jigila da canjin dala a yadda suke, kuskuren awo ɗaya ya isa ya ɓata maka wata guda.

Gilashin farko Plössl 32 ne. A tawa yana ba da ninki 22, kuma idan ka raba faɗin taga da ninki, 50 gida 22, za ka samu yankin sama mai faɗin sama da digiri biyu, wato cikakken wata huɗu a jere. Kaza da 'ya'yanta suna shiga ciki gaba ɗaya, abin da babban ninki ba zai taɓa ba ka ba, don shi tauraro biyu ko uku zai nuna maka ka rasa ma me kake kallo. Da shi nake samo komai, har jinjirin wata bayan rana ta gama faɗuwa. Kada ka ce bari ka sayi 40 don ka ƙara fili: a bututun 1.25 bakin ƙarfen ne ke iyakance fili, 40 ɗin yankin sama ɗaya zai nuna maka da 32, taga kawai zai matse. A gajeren na'ura ma yana iya zama asara. Mai baki 130 da nisan matattara 650, gilashi 40 zai ba ta ɗigon haske milimita 8, alhali baƙin tsakiyar idon matashi a duhu wajen milimita 7 yake buɗewa, sauran hasken ya zube a banza.

Na biyu wani abu tsakanin 10 da 13. Nawa 12 ne, ninki 58, shi ne na wata da na yawancin dararen Jufita. Sai bututun ninkawa, wanda ake kira Barlow da sunan Peter Barlow, masanin lissafi na Ingila a ƙarni na 19. Mai 2x na ƙarfe da gilashin gaske za ka nema, na robar cikin kwali ka manta da shi. Da shi 32 ya zama 16, 12 ya zama 6, na tashi da ninki huɗu: 22, 44, 58 da 117, duk ƙasa da iyakata ta 140. Ka kula kada ka sayi gilasan da ɗaya rabin ɗaya ne, kamar 20 da 10, don Barlow zai maimaita maka abin da kake da shi.

Akwai dalilin da ya sa na fifita 12 da Barlow a kan sayen 6 kai tsaye. Kowane gilashi yana da tazarar da ido zai tsaya a bayansa ya ga fili duka. A Plössl tazarar kusan kashi 70 cikin ɗari ne na lambarsa, don haka mai 6 wajen milimita 4 zai ba ka, gashin idonka yana sharar gilashi yana barin maiƙo. Mai sa tabarau yana bukatar 15 zuwa 20. Idan matsalar idonka ganin nesa ce ko ganin kusa, kana iya cire tabarau ka gyara da maɓallin saita hoto. Idan irin wadda likitoci ke kira astigmatizim ce, sai da tabarau, don haka ka duba tazarar ido a bayanin kaya kafin komai.

Akwatunan nan masu gilashi biyar ko shida da tarin matatan launi, masu kyau a hoto kamar kayan lefe, ban ba da shawararsu ba. Rabin abin da ke ciki gajerun gilasai ne masu matse ido ko masu wuce iyakar na'urarka, matatan launin kuma sau ɗaya za ka gwada su. Gilashi mai zuƙowa daga 8 zuwa 24 ya fi su ma'ana, musamman ga wanda yara ke zagaye da shi, ba a son cire-cire a cikin duhu. Aibinsa shi ne tagarsa ta fi matsewa a 24, daidai inda kake son fili, don haka ba ya maye gurbin 32.

Masu tsada fa? Al Nagler na kamfanin Tele Vue a Amurka ya fito da gilashi mai taga digiri 82 a farkon shekarun 1980, yanzu har masu digiri 100 akwai. Suna da kyau, kuma gilashi mai kyau yakan bi mai shi daga na'ura zuwa na'ura shekara da shekaru. Amma wasunsu kuɗin guda ɗaya ya fi na na'urata gaba ɗaya, kuma ɗora irinsa a kan baki 70 kamar sa tayar jif ne a keke. In kuɗin sun kai haka, faɗin baki za ka ƙara. Mai 130 tana tara haske fiye da sau uku na mai 70, kuma wannan bambancin babu gilashin leƙen da zai ba ka shi. Sai dai ka sani, gajerun na'urori irin wannan mai 650 ba sa yafe wa gilashi mai faɗin taga na araha, taurarin gefe sukan miƙe kamar waƙafi. Doguwa irin tawa, wadda nisan matattararta ya ninka bakinta sau goma, ta fi haƙuri.

Ka gwada kafin ka biya. Manhajar Stellarium ta kwamfuta kyauta ce, kuma tana da wani sashe mai suna Oculars inda za ka shigar da lambobin na'urarka da na gilashin da kake sha'awa ta nuna maka girman da abu zai yi a fili. Girma kawai take nunawa da gaskiya, dushewa da rawar iska ba ta san da su ba. Ni lissafin ninki da ɗigon haske da faɗin fili na rubuta shi a 'yan layukan JavaScript, amma kalkuletar waya ma ta isa.

Na san da yawa cikinmu hoton da za a ɗora a WhatsApp ne ya kawo su. Nan ma ƙaramin ninki ne ke cin gasa. Kyamarar waya kamar ido take, tana bukatar ta zauna daidai kan ɗigon hasken nan, kuma a gilashi 25 ko 32 ɗigon yana da faɗi, tazarar ma da sauƙi. Ka sayi maƙalin da ke riƙe waya a kan gilashi, don da hannu wahala ce. Ka kashe filasha, ka kulle fokas, ka rage haske har ramukan wata su fito, ka sa taima ta sakan uku don girgiza ta lafa. Wayoyi masu kyamara uku sukan sauya daga wannan zuwa waccan da kansu idan ka zuƙo, fuska ta yi baƙi ƙirin ka ɗauka wani abu ya lalace, shiga yanayin Pro yakan tsayar da ita a kyamara ɗaya. Duniyoyi kuwa bidiyo ake ɗauka, a kai kwamfuta, manhajoji na kyauta irin su AutoStakkert da RegiStax su zaɓi hotunan da iska ta lafa su haɗa su wuri guda. Idan kuma abubuwa marasa haske kake nema da ido, ajiye wayar. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, saƙo ɗaya da ka buɗe ya mayar da kai farko.

Abu ɗaya ne a wannan rubutun da ba ra'ayi ba. Wasu na'urori masu araha suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a gindin gilashin leƙe, an rubuta SUN a jiki. Jefar da shi yau, kada ka ba kowa. Yana zaune ne daidai inda na'ura ta tara zafin rana wuri guda, yana iya tsagewa nan take, kuma hasken da zai shiga ido kafin ka kauce ya isa ya ƙona shi har abada. Matatar rana ta gaskiya a bakin na'ura ake ɗaura ta, ta rufe shi ruf, ƙaramar na'urar saiti ta gefe ma a rufe ta. In ba ka da irinta, kada na'urar ta kalli rana ko da wasa, kuma kada a bar ta a tsakar gida da rana inda yara suke.

Sai ƙura, wadda mu ba mu da yadda za mu yi da ita. Kowane gilashi ya koma cikin murfinsa da robarsa da an gama. Kada ka goge shi da gefen riga kamar fuskar waya, ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shafen da ka biya kuɗi dominsa. A fara hure ta da 'yar robar hura iska ta masu kyamara, sai in ya zama dole a goge da tsumma mai laushi na tabarau, a hankali. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin, don fumfuna tana kama gilashi. H20 ɗin ƙanwata ta riƙe, ta ce nata ne tunda ita ta gano shi. SR4 kuwa yana nan zure a na'urar kullum idan an ajiye ta, yana toshe ramin kada ƙura ta shiga.